Ranar da Rahmatu Ta Kira Ɗan Farinta

A gidan Iyatu kowa ya shaidi Rahmatu, matar ɗanta, da kunya. Shekara biyu da haihuwar Mika'ilu, ɗanta na fari, ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, sai ka rantse ɗan maƙwabta ne. Ba ta yi masa wasa sai ta saki labulen ɗakinta. Haka ta taras ana yi wa ɗan fari, mata suna yaba mata, yabon kuwa yana yi mata daɗi, ba sai an ɓoye ba.

Wata Laraba cikin daminar 1985, mijinta Mahmuda ya tafi Agyaragu sarin doya. Gwaggonsa Yagana ta zo daga Keana da tsarabar gishiri, aka shimfiɗa tabarma gindin mangwaro ana ɓarar agushi, ana hirar wa ya rasu, wa ya yi aure. Rijiyar gidan tana can gefen madafa, bakinta daidai da ƙasa, tsohuwar tayar mota kawai ta kewaye shi. Famfon unguwa ya kwana uku bai kawo ruwa ba, maƙwabta suka yi ta shigowa ɗiba tun safe, na ƙarshensu ya bar fallen kwanon da ake rufe ta da shi jingine da bango.

Rahmatu ce ta fara hango Mika'ilu. Ɗan tsako yake bi, yana tafe yana tangaɗi, tsakon kuma rijiya ya nufa. Ta yi gyaran murya, ba wanda ya ɗago.

"Iya," ta ce wa surukarta a hankali, "kamar yaron nan ya yi nisa."

Iyatu ta ba rijiyar baya, hira kuma ta yi daɗi. "Bar shi ya yi wasansa," ta ce, ko waiwaye ba ta yi ba.

Tsako ya kauce. Mika'ilu ya dafa tayar da hannu biyu, ya leƙa, ya ga fuskarsa cikin ruwa, ya ƙara sunkuyawa yana dariya.

Faifan agushin da ke cinyar Rahmatu ya kife.

"Mika'ilu!"

Yaron ya ɗago kai yana neman mai kiran, kafin ya gano ta ta damƙi bayan rigarsa. Nan ta zauna daɓas cikin caɓi, ta rungume shi tana shafa kansa tana kuka, surukai na kallo. Daga baya ta tashi ta ja kwanon ta rufe rijiyar, ta mirgino turmi ta danne.

Ta dawo kan tabarma kanta a ƙasa, kunya kamar ta nutse. Yagana ta fara murmushi. "Oho, ashe dai an san sunansa..."

Iyatu ta ɗaga mata hannu ta katse ta. Sannan ta duƙa tana tsince agushin da ya zube, ɗaya bayan ɗaya.

"Rahmatu," ta ce, "Mahmuda ba shi ne ɗana na fari ba. Akwai wani gabansa. Muna wanki a bakin rafi ni da uwar mijina, ina kallonsa yana nufar ruwa, kunya ta hana ni kiransa. Na jira wani ya tashi. Ba wanda ya tashi."