Kwarin Da Ya Bar Fagen Lado

Lado mai buga bulo a Ƙofar Marusa ya yi shekara ashirin da shida yana ɗiban yashi a wuri ɗaya. Akwai wani kwari da ke kwashe ruwan unguwa in an yi sama, ya fita bayan gari ya baje a fili. Masu yashi sun raba filin nan tun zamanin iyayensu, kowa da fagensa, ba mai sa shebur a na wani. Fagen Lado gado ne, yana dama da bakin kwarin.

Bana bulonsa ya soma marmashewa. Alhaji Babaji magini, wanda shi ke kwashe kusan duk abin da Lado ya buga, ya ɗaga guda daidai ƙirji ya saki. Ya zama gari.

"Lado, wanga bulo ne ko dakuwa?"

"Siminti ne ya lalace, Alhaji."

"Siminti ɗaya kuke saye da Usman, abokin sana'arka. Asabar ta sama zan dawo. In ya sake, na koma wurin Usman."

A satin ne ɗiyarsa Rashida ta zo hutu daga Legas. Tana aiki da masu binciken ƙasar da ke ƙarƙashin teku. Lado dai cewa yake tana aikin ruwa, mutane kuma su riƙa kawo masa ƙarar famfo.

Ta bi shi filin da safe, ta karɓi shebur ta yanki gefen raminsa, ta murza ƙasar a yatsa. Laka ce mai laushi, ta bushe ta yi kamar yashi. Lado ya san da haka tuni. Ya dai ɗauka fagen ubansa ba zai yi masa haka shekara guda cur ba.

"Baba, kwarin ya bar ka," in ji ta.

"Ga shi can inda Allah ya aje shi."

"Bakinsa ya juya. A ƙarƙashin teku akwai kwaruruka da za su haɗiye Katsina har da ganuwa. Yashi na gangarawa ta cikinsu, in ya fito ya baje kamar mafici. Mai nauyi ya zauna kusa da hanyar ruwan, laka ta tafi gefe. In yashin ya taru ya toshe wa kansa hanya, sai ruwa ya nemi gangare. Tsohon wurin kuma laka kawai ke samu."

"Kin gani da idonki?"

"Da na'ura."

"To."

Ta ja shi hagu, inda ba fagen kowa ba ne, sai tumfafiya da tsofaffin ledoji. Shebur uku ta yi, sai ga yashi mai kaushi yana ƙara a bakin ƙarfen. Lado ya damƙa, ya sake damƙa. Bai ce ta yi gaskiya ba. Ya dai koma ya turo baro.

Usman ya hango shi daga nasa fagen. "Lado, ka bar gadon uba ka koma bola?"

"Teku ta ce in matsa."

Ranar Asabar Alhaji Babaji ya ɗaga bulo ya saki. Ya bugi ƙasa ya kwanta lafiya lau. Ya ɗauki na biyu, wannan har saman kai ya kai shi. Kusurwa kaɗai ta ɓare.

"A loda," in ji shi.

Ran da Rashida za ta koma, Lado ya raka ta tasha. Sai da ta zauna a mota ya leƙo ta taga.

"Shi kwarin, yana komowa?"

"In sabon wurin ya cika, yana iya komowa, Baba."

"Yaushe?"

"A teku, wani lokaci shekara dubu."



"To, ba ni bai wa kowa tsohon fagen," in ji Lado.