Gurbi a Bangon Inna

A shagon Mai Hoto akwai wata baƙar riga da ke rataye a bayan ƙofa, irin wadda ɗalibai ke sawa ranar kammala karatu, da hularta mai tuntu. Rigar nan ta yaye mutane fiye da kowace jami'a. Direba ya sa ta, mai gyaran waya ya sa ta, har da wani da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Mutum zai tsaya gaban labule mai zanen littattafai, Mai Hoto ya ce, "Ɗaga haɓa kaɗan," ya danna kyamara, shi ke nan an gama digiri. In kana so ma ya ajiye ka kusa da jirgin sama ko bakin teku, duk a cikin kwamfutarsa yake yi. Shi kaɗai ne bai taɓa zura hannu a rigar ba, kuma ba don ba ta yi masa daidai ba.

Shi ne babba a gidansu. Da mahaifinsu ya rasu yana ajin ƙarshe na sakandare, sai ya ajiye jaka ya ɗauki kyamarar tsohon, don ƙannensa su ci gaba da zuwa makaranta. Suka kuwa je, suka gama. Duk wanda ya gama, Mai Hoto ne ke ɗaukarsa da rigar gaske ta makarantarsa, ya sa a firam, ya zo da gudumarsa ya kafa a bangon falon Inna. Ga Likita, ga Malama, ga Auta da ta karanta lauya. Amma tun daga hoton farko ya bar wani fili a gefen dama, daidai faɗin firam guda. Inna ta ɗauka don agogo ya bari. Sau da yawa ta so ta rataya kalanda a wurin, ya ce mata zai ɓata tsarin bangon.

Abin yana cinsa, kuma ba ya yi wa kansa ƙarya a kai. Yaran da ya ɗauka suna rarrafe, su ne yanzu ke dawowa neman hoton fasfo za su fita waje karatu. Abokan ajinsa kuwa sun fara zancen ritaya. Shi yana nan inda yake, yana cewa mutane su yi murmushi.

Furfura ta riga ta cika masa gemu lokacin da ya shiga karatun yamma. Bai gaya wa kowa ba, saboda ya san bakin Likita. Ya sake zana jarrabawar da ya bari, ya faɗi lissafi, ya sake, sannan ya samu shiga kwaleji. Yakan rufe shago da la'asar ya je ya zauna a bayan aji cikin sa'o'in 'ya'yansa, waɗanda suka yi makonni suna miƙewa in ya shigo, sun zaci malami ne. Ya sayi tabarau. Ya yi ta haddace abubuwa a tsakanin kwastoma da kwastoma, littafi a ɓoye ƙarƙashin takardun wanke hoto kamar kayan sata. Shekaru suka tafi a haka, kuma ya gama.

Ranar bikin yaye su ma bai gayyaci kowa ba. So yake ya shiga falon Inna da firam a hannu ya ga fuskarta. Ya sa rigar kwalejin, mai koren ƙyalle a wuya, aka kira sunansa, ya hau ya sauka. Wani mai hoto da ke yawo a filin ya ɗauke shi ya tura masa a waya.

Da ya buɗe hoton a shago sai ransa ya ɓaci. Rana ta daki goshinsa, gumi na sheƙi, ga gwiwar hannun wata mata ta shigo ta gefe, ga kujerun roba a watse, ga rumfa a karkace a bayansa. Shi da ya yi wa ƙannensa hotuna tsaf, nasa ne zai hau bango a haka? Ya zauna ya shiga aiki. Ya goge matar, ya kwashe kujerun, ya cire rumfar da duk jama'ar da ke ƙarƙashinta, ya share gumin, ya shimfiɗa shuɗin bango mai laushi a baya. Hoto ya fito fes, bai taɓa yin aiki mai kyansa ba.

Ranar hutu ya tarar da su duka a falon, jikoki na guje-guje. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya kwance takardar da ya naɗe firam ɗin, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta kai shi kusa da idonta, ta daɗe tana dubawa. Likita ya leƙo ta kafaɗarta, sai ya fashe da dariya.

"Kai, Yaya! Yau kai ma ka ari rigar shagon? Wallahi ta karɓe ka."

"Ba ta shago ba ce," in ji Mai Hoto. "Tawa ce. Na gama kwaleji."

"Har da koren wuya ka ƙara mata," Auta ta ce, tana share hawayen dariya. "Yaya, hannunka akwai sihiri. Ni ma a mayar da ni farfesa mana."

"Da gaske nake. Karatun yamma na yi. Takardar shaida ba ta fito ba tukuna, amma na gama."

Ya ciro waya, ya nemo hoton asali, mai gumin da kujerun robar, ya nuna musu. Wayar ta zagaya daga hannu zuwa hannu.

"Wannan ai ya fi wancan," Likita ya ce. "Har taron jama'a ka zuba! Ba kai ne ka kai maigadinmu gaban jirgin sama ba, mutumin da ko tashar mota bai cika zuwa ba?"

Aka sake kwashewa. Malama ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Mai Hoto ya karɓi wayarsa. Dariyarsu ba ta dame shi sosai ba, ya saba da ita. Inna yake jira.

Inna ta ɗaga hannu, falon ya yi tsit. Ta ajiye firam ɗin a cinyarta, fuskar hoton a ƙasa, ta kamo hannunsa ta riƙe.

"Babbana," ta ce, muryarta a sanyaye, "ba sai ka yi wannan ba. Ni ban taɓa jin kunyarka ba, ko sau ɗaya. Duk waɗannan da ke bango guminka ne. Ba ka yi karatu ba, to sai me? Allah bai rubuta maka ba ne. Ka bar wa kwastomominka irin wannan."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Tausayi ne tsantsa a idonta, irin wanda ake yi wa wanda aka daɗe da cire rai da shi. A nan ya gane ba dariya ce ta hana su yarda ba. Tuntuni suka gama shawara a kansa, suka ajiye shi inda suka ajiye shi, cikin ƙauna, kuma ba wanda ya yi zaton zai motsa daga wurin.

Ya zare hannunsa a hankali. Ya ɗauki firam ɗin daga cinyarta, ya buɗe jakarsa ya fito da guduma da ƙusa, ya jawo kujera ya hau. Gurbin yana nan a gefen dama, fentinsa ya fi na ko'ina tsabta. Ya auna da ido kamar yadda ya auna na kowa, ya buga ƙusar, ya rataya hoton, ya gyara shi har ya yi layi da na Likita.

A bayansa ya ji Inna na raɗa wa Auta, raɗar tsofaffin da kunnensu ya yi nauyi, wadda kowa ke ji.

"Ku ƙyale shi, kar ku ƙara masa. In ya tafi sai a sauke, kada baƙi su gani su yi masa dariya."

Mai Hoto bai juyo ba. Ya laluba aljihu ya ciro dogayen ƙusoshi, ya ɗora ɗaya a kan katakon firam ɗin kansa, ya buga ta ta ratsa shi ta shige bango. Ya bi sauran kusurwoyin haka, siminti na zuba a kan kafet, gilashin ya tsage daga gefe har kan koren wuyan rigar. Jikokin suka daina gudu.

Ya sauko, ya mayar da kujerar wurinta, ya sa gudumar a jaka.

"Inna, na tafi," ya ce. "Duk wanda zai sauke shi, sai dai ya fasa bangon."