Matar da Ta Gifta da Farin Leshi

Abdulgafaru ya daɗe yana shirya finafinan ban tsoro a garin Tamale na ƙasar Gana, kuma duk tafiyarsu ɗaya ce. A zalunci mace ta mutu, ta dawo cikin farin zane, fuska dumu-dumu da hoda, ta bi mugaye tana shaƙewa, can wajen ƙarshe malami ya zo da tasbaha ya sallame ta. Mutane na son abin. Sai dai ranar da aka nuna na bayan nan, 'yan kallo suka riƙa riga fatalwar faɗin maganarta, wani ma daga kujerar baya ya ɗaga murya ya ce, "Yau malam ya makara!" Aka kwashe da dariya. Abin ya tsaya wa Abdulgafaru a rai.

Ya samu Yidana, abokinsa mai riƙe kyamara, ya ce, "Wannan karon ba hoda, ba farin zane, ba malam."

"To da me za ka tsorata su?"

"Da abin da ba su gani ba."

Yidana ya sosa ƙeya. Bai gane ba, amma ya ɗauki kyamara.

Labarin wani tela ne da kullum in ya dawo gida sai ya tarar an ɗan gusar da kayansa: buta ta koma bayan ƙofa, takalmi ya juya baya. Ba a taɓa nuna mai yin hakan ba. Wani ɗan wasa, Imoru, ya fito a telan, aka ɗauka a wani gida a unguwar Kanvili.

An fara nuna shi bayan la'asar a gidan kallon ƙwallo na unguwar Sabonjida, an toshe tagogi da tamfol. Fim ya yi nisa, mutane suka fara mutsu-mutsu. Wata mata ta taɓo ta kusa da ita ta ce, "Wai yaushe za ta fito ne?" Wani ya tashi ya sayo gyaɗa. Abdulgafaru na tsaye jikin bango yana kallonsu.

Sai aka zo inda Imoru ke zaune a ƙofar gida ya yi tagumi. Can nesa a bayansa, wata mata cikin fararen kaya ta shigo lungun a hankali. Ta tsaya. Ta juyo ta zuba wa 'yan kallo ido. Sannan ta wuce.

Ɗakin ya kaure da ihu da salati. Benci ya kife da mutanen da ke kai. Shi kansa Abdulgafaru sai da tsigar jikinsa ta tashi, domin bai san da ita ba.

Ya damƙo hannun Yidana. "Wace ce wannan?"

"Ni za ka tambaya? Na gan ta wajen haɗa hoto, na ɗauka kai ka sa ta."

"Ni ban sa kowa ba!"

Da aka fito, wani malamin makaranta ya rungume shi ya ce yau dai an yi sabon abu, an rabu da tsohon yayi. Bai gama sakinsa ba wani dattijo ya kama hannunsa ya ce, "Madalla da ba ka yar mana da matarmu ba. In babu ita ai ba fim." Abdulgafaru ya yi wa kowanne godiya, bai san wanda ya yi gaskiya ba. Shiru da jiran ne suka sa ta firgita su, ko kuwa da ba ta gifta ba da sun watse suna zaginsa? Ya juya abin ta kowace fuska, ya kasa tsayar da shi.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wata dattijuwa ta sauko daga babur a ƙofar shagonsa, ta shigo ba ko murmushi.

"Kai ne mai sinima?"

"Ni ne, Mma. Sannu da zuwa."

"Sunana Safiatu, koko nake sayarwa a Kanvili. Ni ce aljanarka."

Ashe ran nan sunan jikarta za ta, shi ya sa ta ci ado da farin leshi. Ta hango wani bawan Allah zaune kamar an yi masa rasuwa, ta tsaya don ta tambaye shi lafiya, sai ta ga kyamara ta kama gabanta. Yanzu ga shi masu sayen koko daga nesa suke miƙo kwano. Wata ma har ta nemi ta ɗage zane a ga ko ƙafarta na taɓa ƙasa.

Abdulgafaru ya durƙusa ya ba ta haƙuri. "Mma, yau ɗin nan zan yanke wurin."

"In ka yanke me ya rage?" in ji Yidana ƙasa-ƙasa daga gefen shagon.

"Ka yanke?" Mma Safiatu ta zaro ido. "Wa ya ce ka yanke? 'Ya'yana sun ce na fi kowa kyau a ciki. Kai dai ka sa sunana, ka gaya wa mutane ina nan da raina."

Haka aka yi. A ƙarshen fim aka ƙara rubutu cewa Mma Safiatu tana raye, tana sana'arta a Kanvili.

Da aka sake nunawa, wannan rubutun ya fi komai tayar da hankali. Mutane suka tsaya cirko-cirko a waje suna musu, wai in ba da wata a ƙasa ba, me ya sa za a ce tana raye? Wani ya matso kusa da Abdulgafaru ya ce a hankali, "Allah ya jiƙanta. Kafin a ɗauka ta rasu ko bayan nan?"



Ita kuwa Mma Safiatu, har daga unguwar Vittin ake tahowa da sassafe shan kokonta, a sha ana satar kallonta. Shi kuma Abdulgafaru duk daminar nan bai ɗauki komai ba. Kullum Yidana ya tambaye shi na gaba da hoda ko babu, sai ya ce a bar shi tukuna, yana tunani.