Igiya Mai Ƙulli Ashirin da Shida

Wani dare na ji ƙara daga tsakar gida, ƙwal, kamar an buga ƙwarya a kan dutse. Na zaci aljani ne, har na ɗan ji daɗi, don ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Da safe matata ta ce guganta ne ya taɓa ƙasan rijiya. Rijiyar nan gida bakwai ne a layinmu ke sha, ga shi ta kusa ƙafewa.

Maƙwabta suka taru a bakinta. Tela ya nuna mana wayarsa, wai rana ce ta matso kusa da duniya. Mai kanti ya ce a tasa wayar an ce ruwa zai dawo da kansa. Ni dai zancen tela ya fi burge ni.

"Baba, kai komai in baƙon abu ne sai ka yarda," in ji 'yata malamar makaranta. "Wa ya auna? A ina? Shekara nawa? Mu je ofishin masu binciken ruwa."

Na ce ba ni da takardar da zan nuna musu. Sai ta shiga ɗakina ta sauko da igiyar da ke rataye a ƙusa. Duk ƙarshen rani nakan ɗaura mata dutse in zura a rijiya, in ya taɓa ruwa in yi ƙulli daidai bakin rijiyar. Ban san dalilina ba, sha'awa ce kawai. Matata tarkace take kiranta.

A ofishin, wata ma'aikaciya mai tabarau ta shimfiɗa igiyar a ƙasa, daga teburinta har bakin ƙofa. Ta durƙusa tana auna tsakanin ƙulli da ƙulli, tana duba takardarsu ta awon ruwan sama.

"Baba, mu rijiya biyu kawai muke aunawa a ɓangarenku. Taka ta zama ta uku."

Ta ce a lissafinsu ruwan saman bai ragu sosai ba. Zuba yake da ƙarfi cikin kwanaki kaɗan, ya bi siminti ya gudu, ƙasa ba ta sha ba. Ta ba da shawara cewa kafin mu ƙara wa rijiya zurfi, kowane gida ya haƙa rami ƙarƙashin indararo, nesa da masai, ya cika shi da tsakuwa.

Da yamma na kai wa maƙwabta bayani. Tela ya mai da wayarsa aljihu ya tafi aro diga. Mai kanti, wanda ke da 'yar rijiyarsa a bayan shago, ya daɗe yana kallon igiyar.

"To, maƙwabci," ya ce, "ruwan da ramina zai sha, rijiyata zai je ko taka?"