Ranar Da Inna Talatu Ta Kira Sunansa

"Tsaya, Inna. Sake daga farko, injin niƙan nan ya cinye maganarki."

Inna Talatu ta gyara zama a kan 'yar kujerarta, ta ja gefen zani ta rufe ƙafafunta da suka kumbura har fatar tana sheƙi. Ta jira injin maƙwabta ya yi shiru, sannan ta dubi wayar da Adawiyya ta saita mata, ta ɗaga wani tsohon hoto kusa da fuskarta.

"Salamu alaikum, jama'a. Ni ce Talatu mai ƙuli, daga Tudun Wada a nan Daura. Cigiyar yaron nan nake yi. Ya bi ta Agadas zuwa Libiya, yau shekaru ke nan ba mu ji ɗuriyarsa ba. Wanda ya gan shi ya ce masa uwarsa tana nan lafiya lau, ya kira gida."

Adawiyya ta sauke wayar. Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Tun da aka kawo ta unguwar tana amarya, Inna ce ta zame mata uwa, ita ta yi mata wankan jego a haihuwar 'yarta Murja. Yanzu ita Adawiyya turaren wuta da humra take sayarwa a TikTok, ta san abin da ke tsayar da yatsan mai kallo da abin da ke sa ya wuce.

"Lafiya lau, Inna? Jiya fa da ƙyar kika kai banɗaki."

"Ai na kai. Na jiya mutum nawa suka kalla?"

Adawiyya ta duba. "Ashirin da uku."

"Har da ni da ke?"

"Har da mu."

"To, ashirin da uku ai sun cika sahu a masallacin unguwa. Ɗora wannan ma."

Ta ɗora. Ta rubuta sunan yaron a ƙasa kamar kullum, Abdulmuhaimin Dabo, duk da ta san babu mai tsayawa karatu. Shi ne ɗan farin Inna, kuma tun ranar sunansa ba a taɓa jin sunan a bakinta ba. Yaron nan, wancan, mai tafiyar nan, da su take ambatonsa, kamar yadda uwarta ta yi wa nata ɗan farin. Hoton ma na ƙarshen sakandare ne, ya koɗe, babu ko gashin baki a fuskar.

"Inna, in faɗa miki gaskiya?" Adawiyya ta zauna a bakin tabarma. "Mutanen cikin wayar nan ba su da haƙuri. In ba ki kama su a numfashin farko ba, sun wuce. Abin da ke kama su kuwa hawaye ne. Ki bari in ɗauke ki ranar da muka koma asibiti, da ƙarin ruwa a hannunki. Wallahi kafin magariba dubbai sun gani."

Inna ta dube ta kamar ta zage ta.

"Ke 'yar nan, da ƙafata lafiya ban yi bara ba, sai yanzu da ta kumbura? Kuma na san abin da na haifa. In ya gan ni kwance ina kuka, kunya ce za ta ƙara tura shi cikin rami. A zaune zai gan ni, da ɗankwalina a ɗaure."

Haka suka ci gaba duk damina. Wata rana mutum talatin, wata rana tara. Akwai ranar da aka yi ruwa tun safe, Inna ta sa aka ɗauke ta a ƙofar ɗaki, ruwan indararo yana zuba a bayanta, mutum huɗu suka kalla. Bidiyon turaren Adawiyya kuwa, wanda ba ta yi komai a ciki ba sai juya kasko, ya haura dubu biyar. Ta ji kunyar abin har ta ɓoye wa Inna.

Ana cikin haka Malam Ikrima, yayan marigayi mijin Inna, ya yi sallama wata la'asar. Bai zauna ba. Ya tsaya a tsakar gida yana kaɗa carbi, ko kallon Adawiyya bai yi ba.

"Talatu, magana ta ishe ni a gari. Jikokina ne suke nuna mini ke a waya, tsakanin masu rawa da masu zage-zage. Da girmanki? Waɗanda suka tafi tare da yaron nan sun dawo sun ce motarsu ta mutu a sahara, an watse. Ki ɗauki ƙaddara, a yi masa sadaka, kowa ya huta."

"Malam, cikinsu akwai wanda ya ga gawarsa?"

"Ba a nan take ba."

"A nan take. Wanda ya wanke shi, ko wanda ya zuba masa ƙasa, ya zo ya tsaya inda kake tsaye ya faɗa mini. Ranar ni da kaina zan dafa abincin sadakar. Kafin nan, ko tsakanin masu rawa ne, can zan zauna in yi cigiyata. Ban cire mayafi ba, ban roƙi kowa ba."

Malam Ikrima ya ce Allah ya kyauta, ya fita. Inna ta bi bayansa da kallo har ya shige zaure, sannan ta ce, "Kunna, Adawiyya. Yau sau biyu za mu yi."

Jikin dai bai saurara mata ba. Kumburin ya hau har ciki, abinci ya daina zama. 'Yarta Rahmatu ta taso daga Sandamu ta tare a gidan. Aka je Katsina wankin ƙoda aka dawo, aka sake komawa, har ranar da likita ya ja Rahmatu gefe ya faɗa mata abin da Inna ta riga ta karanta a fuskarsa.

Wata safiya Adawiyya ta shigo da kunu ta tarar Inna kwance, ido a rufe, tana nishi a hankali, fuskar ta faɗa. Rahmatu tana wanki a waje. Adawiyya ta tsaya ta daɗe. Sai ta ciro wayar ta ɗauke ta bidiyo. Wannan kam ta san zai tafi, zai kai Libiya har ya wuce. Yatsanta yana kan wurin ɗorawa ta ji muryar.

"Goge shi."

Idon Inna a buɗe yake.

"Inna, lokaci fa..."

"Na fi ki sanin lokaci. Goge shi ina gani."

Ta goge. Sai hawayen da aka hana Inna yi suka zubo wa ita Adawiyya, tare da fushi.

"To me kike so in yi? Kin hana kuka, kin hana asibiti. Hoton nan ko ni ba zan gane shi da shi ba. Yaron nan, yaron nan! Libiya cike take da yaran mutane, Inna. In ba za ki ba su hawaye ba, ki ba su sunansa. Da bakinki."

Inna ta juya fuska bango. Adawiyya ta ɗauka shi ke nan, ta yi ɓatanci, ta miƙe za ta fita.

"Kira Rahmatu ta tashe ni. Ki ɗauko mini atamfar nan mai ruwan goro."

Su biyu suka ɗaga ta suka jingina ta da bango a inda haske ke shigowa. Ta sa kwalli da kanta. Ta ɗaura ɗankwali, ya zame, ta sake ɗaurawa. Da Adawiyya ta ɗaga hannu alamar an fara, Inna ba ta yi sallamar da ta saba ba. Ta buɗe baki ta rufe, kamar mai taɓa ruwan zafi, sannan ta ce da ƙarfin da ba su san tana da sauransa ba:

"Abdulmuhaimin! Abdulmuhaimin Dabo, ɗan Talatu mai ƙuli ta Daura. Yau na kira sunanka, abin da ban taɓa yi ba tun da na haife ka. Ka ga kuwa ba wasa ya sa ba. Duk inda kake, ka amsa."

Rahmatu ta toshe baki da mayafi ta fice.

Wannan karon Adawiyya ba ta ɗora ta zauna jira ba. Ta tare mijinta, wanda ke jan mota tsakanin Daura da Kano, tun kafin ya cire takalmi.

"Baban Murja, gobe in ka je tasha, duk direban da ke da waya ka tura masa wannan. Musamman masu bin Kwangwalam da Damagaram. Ka ce su ba na Agadas."

Ita kuma ta bi gidajen unguwa da ƙafa. Ta shiga gidan suna, ta shiga islamiyyar matan aure, ta karɓi wayoyin mata ɗaya bayan ɗaya tana nuna musu inda za su danna su tura wa 'yan uwansu. Ta nemo shafukan Hausawa mazauna Libiya ta yi ta aika musu. Waɗanda suka yi banza da ita ta sake aikawa, har wani ya toshe ta, ta bi ta wayar Rahmatu.

Adadin ya motsa. Ɗari, ɗari bakwai, sannan dubu da wani abu. Bai kai na masu rawa ba, amma a ƙasan bidiyon an fara ganin sunayen garuruwan da Adawiyya ba ta taɓa ji ba. Wasu suna addu'a, wasu suna cewa tsohuwa ta ji kunya. Wani ya ce ya san shi, aka bi, ashe wani Abdulmuhaimin ne ɗan Maraɗi. Inna ta sa ana karanta mata duka, har na zagin.

"Wannan ya ce me? To, ya dai kalla. Allah ya ƙaro irinsa."

Wata ranar Talata saƙon murya ya shigo daga wani mutumin garin Babban Mutum da ke aikin gidan burodi a Sabha, can Libiya. Ya ce akwai wani Muhaimin ɗan Daura da suka taɓa zama ɗaki ɗaya, yanzu yana aikin gini a Tarabulus. Ya ce ya tura masa bidiyon, ya ga alamar ya buɗe, amma bai ce komai ba. Ga lambarsa.

Adawiyya ta kira, ba a ɗauka ba. Ta sake, aka kashe. Ta dubi Inna.

"Bar shi," in ji Inna. "Yana tattara kansa ne."

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara, kiran bidiyo, daga lambar jiya. Adawiyya ta ruga gidan Inna ko mayafi ba ta yafa daidai ba.

"Kada ki ɗauka tukuna. Ku tashe ni zaune."

Kiran ya katse kafin su gama. Ya sake shigowa. Fuskar da ta bayyana ta wani magidanci ce mai gemu, baƙi, ramamme, da ƙurar siminti a gashin gira. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai kuka.

"Kai, ba na son wannan," in ji Inna. "Ni ban yi ba, kai ma ba za ka yi ba. Ka ci abinci?"

Ya gyaɗa kai. Da ƙyar ya ba da labari a gutsure: an kama su an tsare shi ya daɗe, da ya fito ba shi da komai, ya ce sai ya samu abin da zai nuna kafin ya kira. Wata ya bi wata, kiran ya yi masa nauyi.

"Wa ya aike ka ka kawo wani abu? Na ce maka ina jin yunwa?"

"Inna, ki yafe mini. Jikinki fa? Na ga kin..."

"Ka gan ni a zaune. Na yafe maka duniya da lahira. Ka kama hanya ka zo ka ga ƙanwarka, ta sha wahala."

Da aka kashe, ta zame a hankali ta kwanta. Ta ce wa Rahmatu, "Aika a gaya wa Malam Ikrima yaron nan ya kira. A ce masa ba sai an dafa komai ba." Ba ta ƙara faɗin sunan ba.

Abdulmuhaimin yana kira kullum da safe kafin ya fita neman motar da za ta sauko da shi kudu, ita kuma kullum sai an tashe ta zaune kafin a ɗauka. Ranar Lahadi ta ce a bar bidiyon, a sa murya kawai. Ranar Litinin bayan azahar, ana yayyafi, ta cika, kanta a kan cinyar Rahmatu, Adawiyya tana riƙe da ƙafarta.

An kai ta kafin magariba. Malam Ikrima ne ya ja sallar, kuma da aka dawo shi ya karɓi wayar ya yi wa Abdulmuhaimin gaisuwa. Yaron yana Sabha a lokacin, sauran hanya mai nisa.

Da mata suka ɗan ragu, ya roƙi Adawiyya ta zaga da shi gidan. Ta juya wayar ta bi tsakar gida a hankali: turken awaki, madafa, babban kaskon suyar ƙuli da aka kife a jikin katanga.

"Yaya Adawiyya, tsaya nan."

Ƙofar ɗakin Inna ce. Takalmanta na roba suna nan a bakin ƙofa, an yanke bayansu da reza don ƙafar ta samu shiga, ruwan yayyafi ya taru a cikin ɗaya. Adawiyya ta riƙe wayar daidai wurin. Da hannun ya gaji, ta tallafe shi da ɗayan.