Takardu Sittin da Waya Ta Kasa Karantawa

Najwa da hannunta ta ɗora wa kanta mai gadin da ya hana ta sakat. Wata manhaja ce da ta koya a jami'a a Wad Madani kafin yaƙi. Duk sanda ta taɓa rubutun da ke gina shafin intanet, sai manhajar ta bi shi layi-layi, ta duba ko makaho zai iya amfani da shi. In ta ga hoto babu bayani, ko maɓalli babu suna, sai ta yi ja, ta ƙi barin aikin ya hau.

Shafin na lajna ne, wato kwamitin ƙauyensu da ke kusa da Wad Haddad, kuma aikinsa ɗaya: neman waɗanda suka ɓace a gudun yaƙi. Masu aikin sa kai sukan rubuta a takarda wanda aka gani a asibiti da wanda aka binne, su ɗauki hoton takardar su turo. Ranar da takardu sittin suka zo a tare, batirin sola na shirin mutuwa, manhajar ta jero mata ja har sittin. Najwa ta ja tsaki. A gurbin bayanin kowace takarda ta rubuta kalma guda, "hoto", ta kwafa sau sittin. Ja ya koma kore. Na'ura ai ba ta gane ha'inci, gurbi ta ce a cike, an kuwa cike. Takardun ma Najwa ba ta tsaya karanta su ba.

Bayan wata biyar, Kawu Yakubu, yayan mahaifiyarta, ya aika a kira ta. Ciwon suga ya cinye masa ido tun da daɗewa, wayarsa ce ke karanta masa komai da murya. Ɗansa Alamin kuwa, tun da ya tafi Hasahisa ɗauko magani yaƙi ya rutsa da shi, babu amo babu labari.

"Taho ki ji abin ga naki, ɗiyata," in ji shi. Ya goga yatsa a waya. Muryar ta ce, "Hoto." Ya sake gogawa. "Hoto."

"Kullum haka nika bi har ƙarshe. Ince sunaye ne ciki? Ko wayata ta lalace?"

Kunya ta rufe Najwa har ta rasa inda za ta sa fuska, gaban mutumin da ba ya ma ganin fuskar. Ta ce, "Wayarka lafiya lau, Kawu. Laifina ne. Yau zan gyara."

Ta koma gida ta zauna a inuwar rakuba, rumfar tsakar gida, tana buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta kowane suna da haruffa yadda waya za ta iya faɗa. Wasu da biro, wasu da fensir, wata ma a bayan takardar rabon ruwan gona aka rubuta. A ta arba'in da ɗaya hannunta ya tsaya. Alamin Yakubu, an binne shi a bakin hanya, da kwanan wata.

Da gudu ta isa wurin Lukman, magatakardan lajna. Bai ko ɗago daga buhun irin da yake ɗaurewa ba.

"Mun sani, ya Najwa. Tun ranar da kinka ɗora munka gani. Dattawa sunka ce a bari, zuciyar tsohon ba ta ɗauka."

"Wata biyar?"

"Khalas, shi ke nan, bar shi yadda yake. Ba ke kinka ce komi ya yi kore ba?"

Nan haushi ya turnuƙe ta, nasu da nata. Duk mai ido a garin ya karanta, ya je ya gaida tsoho, ya ce Allah ya bayyana. Sun haɗa baki sun rufe tukunya, ragwantarta ce ta zame musu murfi. Ta ƙarasa sunayen, ta gyara shafin, amma ba ta tura ba. Ba za ta bari na'ura ta riga ta sanar da Kawu ba.

Ta same shi bayan la'asar a kan angarib, gadon igiya, carbi a hannu. Maimakon ta zauna a kujera kamar kullum, ta durƙusa a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya karkato kai, carbin ya tsaya.

"Kin gani?"

"Na gani, Kawu."

"Asibiti?"

Kuka ya ƙwace mata.

Ya yi salati a hankali, ya tambayi ranar, ta faɗa. Ya ƙirga a yatsunsa.

"Wata bakwai ke nan yana ƙasa," in ji shi, "ni ko ina roƙon Allah ya maido shi lafiya. Ko sau ɗaya ban roƙa mishi gafara ba."

Ya lalubi sandarsa ya miƙe.

"Faɗa ma uwarki a fidda tabarmi ƙofar gida."