Ranar da Mai Sayen Gida Ya Nemi Ruwa

Ruwan rijiyarmu munafuki ne. In ka ɗebo shi, ga shi nan garau. Ka ajiye shi ɗan jimawa, sai ya rine ya koma kalar tsatsa. Tun da ramin haƙar kwal ya matso bayan unguwarmu ya zama haka. Kajin Inna suka ƙare, lambun Baba ya bushe, ƙafafun Autarmu duk gyambo. Shi ya sa Baba ya sa gidan a kasuwa, mu tashi. Rabin layinmu ma kowa jiran mai saye yake.

Dillali ya kawo wani direban babbar mota, da 'yarsa ƙarama riƙe da hannunsa. Kafin su shigo Baba ya ce min a hankali, "In ya ce ka ɗebo ruwa, ka ɗebo. Yana gani ka zubar."

Direban ya duba ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, sannan ya tsaya a bakin rijiya.

"Samari, jawo mana guga. Gida ai ruwa ne."

Na jawo, na juye a bokiti.

"Ka gani?" in ji dillali. "Ko madubi albarka!"

"Kai dai dillali ko kura aka ba ka, cewa za ka yi tunkiya ce," in ji direban, yana dariya.

Na sunkuya zan ɗauke bokitin, ya ce, "Bar shi, zan wanke fuska." Sai ya samu turmi ya zauna, ya ɗauko labarin hanya. Mutumin akwai surutu. Ni kuwa idona na kan bokiti. Gefen ruwan ya fara yin ɗorawa-ɗorawa. Baba yana ta "ƙwarai, ƙwarai," gumi na bin wuyansa.

Ban ga lokacin da yarinyar ta ɗauki kofi ba. Sai ganinta na yi ta kamfato, ta kai baki.

Na doke kofin, ya yi tsalle ya bugi bango. Yarinyar ta fasa kuka.

"Kai, lafiyarka?" Uban ya miƙe zumbur.

Na kalli ruwan da ya riga ya rine. Ya bi idona zuwa bokitin, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi Auta da ke raɓe a ƙofar ɗaki, ya dubi ƙafafunta. Ya saɓa 'yarsa a kafaɗa.

"Allah ya kawo sauƙi, Baba," ya ce, ya fita.

Dillali ya tsaya daf da ni. "Direba ne fa. Kafin yamma duk tasha ta ji. Gida nawa ka kashe wa ciniki a layin nan, ka sani?"

Ya fice, muna jiyo muryarsa a layi yana faɗa wa mutane. Muna nan tsaye aka fara buga ƙofa da ƙarfi. Na ji muryar maƙwabcinmu mai walda, da wasu a bayansa.

"Ina yaron nan? A ce ya fito."